Kwaɗunan Soyayya a Kan Gadoji: Alkawarin Mutum Biyu, Nauyin Gari Guda

Kwaɗon soyayya shi ne kwaɗon da masoya biyu suke rubuta sunayensu a jikinsa, ko haruffan farko na sunayen tare da kwanan wata, su rataya shi a shingen ƙarfen gada su datse, sannan su jefa mabuɗin cikin kogin da ke gudana a ƙarƙashinsu, da nufin nuna cewa kamar yadda kwaɗon ba zai sake buɗuwa ba, haka ma abin da ke tsakaninsu ba zai warware ba. Al'adar ta fi kama gadojin ƙafa, wato gadojin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, waɗanda mota ba ta bi ta kansu, musamman na tsakiyar tsofaffin birane inda ido ke samun abin kallo ta kowace fuska, domin a irin waɗannan wurare ne mutum ke iya tsayawa ya daɗe babu mai uzzura masa. Tun daga shekarar 2006 ta bazu daga Turai zuwa kusan kowace nahiya, kuma duk inda ta sauka takan tayar da gardama iri ɗaya tsakanin masu kallon ta da tausayi da sha'awa da masu ɗaukar ta ɓarnar dukiyar jama'a. Babu inda wannan gardama ta yi zafi kamar gadar Pont des Arts da ke birnin Paris, don haka tarihin wannan gada ne ya fi dacewa a bi idan ana son fahimtar al'adar da abin da take jawowa.

Gadar Pont des Arts ta ratsa kogin Seine ne a tsakiyar Paris, inda ta haɗa fadar Louvre, wadda a yau ita ce gidan adana zane-zane da kayan tarihi mafi shahara a Faransa, da ginin Institut de France, mazaunin majalisar masana da ke kula da harshen Faransanci. An kammala ta farko a 1804, a zamanin Napoleon Bonaparte, kuma ita ce gadar ƙarfe ta farko da aka gina a birnin. Ta sha wahala ƙwarai a tsawon rayuwarta, domin bama-baman yaƙe-yaƙen duniya biyu sun taɓa ta, jiragen ruwa masu dakon kaya kuma sun yi ta karo da ƙafafunta, har hukuma ta rufe ta a 1977, sannan a 1979 wani babban ɓangarenta ya rufta cikin ruwa bayan wani jirgi ya buge ta. Wadda ake gani yanzu an sake gina ta ne tsakanin 1981 da 1984 bisa kamannin tsohuwar, da ƙofofin ruwa bakwai, Jacques Chirac kuma, wanda a lokacin yake magajin garin Paris, shi ya buɗe ta a watan Yunin 1984. Tsawonta mita 155 ne, faɗinta mita 11, an shimfiɗa mata katako, an jera mata kujeru da fitilu, kuma daga kanta ana hango tsibirin da ke tsakiyar kogin da tsohuwar gadar Pont Neuf, abin da ya sa masu zane da ɗalibai da masu shan iska suka mayar da ita wurin zamansu na yamma. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gaɓar kogin Seine ta tsakiyar Paris, har da wannan gada, cikin wuraren tarihi na duniya. Akwai wani ƙaramin abu a gininta da babu wanda ya kula da shi a 1984, amma daga baya ya zama tushen matsala: shingen da ke gefenta biyu ragar waya ce mai ƙananan idanu, daidai yadda ƙarfen kwaɗo zai shiga ya datsu.

Asalin al'adar

Labarin da aka fi bayarwa game da mafarin al'adar ya fito ne daga Vrnjačka Banja, wani gari a ƙasar Sabiya da ya yi suna saboda maɓuɓɓugan ruwan da ake zuwa sha da wanka don neman lafiya. Mutanen garin suna cewa gab da Yaƙin Duniya na Farko wata malamar makaranta mai suna Nada ta yi alkawarin aure da wani hafsan soja mai suna Relja, kuma a kan wata ƙaramar gadar ƙafa suke haɗuwa. Da yaƙi ya kai shi ƙasar Girka sai ya ga wata mace a tsibirin Corfu ya manta da alkawarinsa, baƙin ciki kuwa ya kashe Nada. Daga nan, in ji labarin, 'yan matan garin suka fara rubuta sunayensu da na samarinsu a jikin kwaɗuna suna datsewa a gadar don kada abin da ya sami Nada ya same su. Gaskiya ne rundunar Sabiya ta ja da baya zuwa Corfu a ƙarshen 1915 da farkon 1916, kuma gaskiya ne mawaƙiyar Sabiya Desanka Maksimović, wadda ta rasu a 1993, ta yi waƙar da ake dangantawa da labarin, wadda ta ƙara masa farin jini. Amma shi labarin kansa na baka ne, irin wanda kowane gari mai karɓar baƙi yake alfahari da shi, kuma da wannan matsayi ya kamata a karɓe shi. Abin lura a cikinsa shi ne tsoro ne ya haifi kwaɗon, tsoron yarinyar da ta ga an ci amanar wata, kuma wannan ya fi kusa da gaskiyar zuciyar ɗan Adam fiye da hotunan murmushi da ake ɗauka a gaban kwaɗunan a yau.

Akwai wasu wuraren da suka riga Paris nesa ba kusa ba. A birnin Pécs na ƙasar Hangari an fara datse kwaɗuna a jikin wani shingen ƙarfe na gefen titi tun cikin shekarun 1980, a ƙasar Sin kuma masu hawan tsaunukan Huangshan da Huashan sukan datse su a jikin sarƙoƙin da aka kafa don riƙo, su jefa mabuɗan cikin kwazazzabo. Sai dai duk waɗannan sun tsaya ne a inda suke, ba su ƙetare iyaka ba.

Abin da ya fitar da al'adar duniya littafi ne. A 2006 marubucin Italiya Federico Moccia ya wallafa ƙagaggen labarin soyayya na matasa mai suna Ho voglia di te, wanda a cikinsa saurayi da budurwa suka datse kwaɗo a turken fitila na gadar Ponte Milvio da ke birnin Rum, suka jefa mabuɗin cikin kogin Tiber, a shekarar da ta biyo baya kuma aka mayar da littafin fim. Ponte Milvio tsohuwar gada ce da ta haura shekaru dubu biyu, kuma a bakinta ne Sarki Constantine ya ci abokin hamayyarsa Maxentius da yaƙi a shekarar 312, nasarar da ta share wa addinin Kirista hanya a daular Rum. Amma matasan da suka yi tururuwa zuwa can bayan fitowar littafin, turken fitilar da suka karanta labarinsa suke nema. Kwaɗunan da suka tara sun yi yawa har turken ya karye a 2007, hukumar birnin kuma ta kafa wasu turakun ƙarfe da sarƙoƙi domin a riƙa ratayawa a nan, kafin a 2012 a zo a kwashe su baki ɗaya. Duk abin da zai faru a Paris daga baya ya riga ya faru a Rum a taƙaice: sha'awa, tarin ƙarfe, karyewa, sassauci, sannan kwashewa.

Ya kamata a tambaya me ya sa abin da ya zauna shiru a Pécs shekara da shekaru ya mamaye duniya cikin ƙasa da shekaru goma da fitowar littafin Moccia. Amsar tana cikin lokacin da abin ya zo. A 2006 ne aka buɗe Facebook ga kowa da kowa, a 2007 wayar iPhone ta fito, a 2010 kuma Instagram ya bayyana, ga kuma kamfanonin jiragen sama masu arha da suka sa matashin Turai yana iya zuwa wani babban birni ya yi kwana biyu ya koma gida. Kwaɗo abu ne mai araha, yana shiga aljihu, ba ya bukatar mutum ya san harshen garin da ya je ko ya nemi izinin kowa, kuma yana yin kyau a hoto. Duk wanda ya ga hoton ya fahimci ma'anarsa nan take ba tare da an yi masa bayani ba, duk wanda kuma ya ga kwaɗo goma a jikin shinge ya san cewa na goma sha ɗaya ba zai zama abin kunya ba. Masu talla ma ba su yi barci ba, domin nan da nan suka baza kwaɗuna da alƙaluman rubutu a bakin gadoji, shaguna kuma suka fara sassaƙa sunaye a jikin kwaɗuna masu siffar zuciya. Saboda haka baƙi da yawa da suka isa Paris a shekarun 2012 da 2013 sun ɗauka wata tsohuwar al'adar Faransawa suke rayawa, alhali kuwa abin bai kai shekarun yaron da ke aji ɗaya na firamare ba, kuma yawancin mazauna birnin ba su san shi a matsayin nasu ba.

Abin da ya faru a Paris

Kwaɗunan farko sun bayyana a Pont des Arts wajajen 2008. Da farko ana iya ƙirga su, har ma a watan Mayun 2010 aka wayi gari akasarinsu sun ɓace cikin dare ɗaya, amma ba a daɗe ba suka dawo fiye da da. Kafin 2014 ragar wayar ta ɓace gaba ɗaya a bayan bangon ƙarfe, kuma da idanun ragar suka ƙare sai masu zuwa daga baya suka koma datse nasu a jikin na waɗanda suka riga su, har aka sami dunƙule-dunƙule masu kauri suna reto. A nan ne haɗarin yake, kuma yana bukatar bayani, domin mutane da yawa sukan ce gadar da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane ba za ta gaza da ƙananan kwaɗuna ba. Injiniya yakan auna shimfiɗar gada da ƙafafunta ne don su ɗauki nauyin da ke danno su daga sama, shi kuwa shinge an yi shi ne don ya tare mutumin da ya jingina da shi ko iskar da ta buge shi, ba a yi shi don ya riƙe kaya dare da rana ba. Idan kwaɗo ɗari suka rataya a jikin kwaɗo ɗaya, to duk nauyinsu yana kan zaren waya ɗaya ne da ƴan ƙusoshin da ke riƙe da ragar. Ga kuma tsatsa: kwaɗo yana goge fentin da ke kare ƙarfe, yana riƙe ruwan sama a inda ya taɓa, kuma idan ƙarafa biyu mabambanta, kamar tagullar kwaɗo da baƙin ƙarfen shinge, suka haɗu cikin laima, ɗayansu yakan ci da sauri fiye da yadda zai ci shi kaɗai. Mafi muni shi ne ma'aikatan da ke duba gada ba sa iya ganin abin da ke faruwa a bayan tarin, balle su goge su sake fenti. A ƙarƙashin gadar kuwa jiragen ruwa masu buɗaɗɗen sama suna wucewa duk yini cike da masu yawon buɗe ido.

A watan Janairun 2014 wasu Amurkawa biyu mazauna Paris, Lisa Anselmo da Lisa Taylor Huff, suka kafa gangamin No Love Locks, suka tara sa hannun dubban mutane a takardar koken da ke neman a hana abin. An zarge su da ƙin soyayya, amma ba a jima ba gadar ta ba su gaskiya: ranar 8 ga Yunin 2014 wani ɓangaren shingen mai tsawon kusan mita biyu da rabi ya faɗi saboda nauyi, aka kwashe mutane daga kan gadar aka rufe ta na ɗan lokaci. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni. Anne Hidalgo, wadda kimanin wata biyu ke nan da zamanta magajiyar gari, ta sami kanta a tsaka mai wuya, domin Paris tana cin abinci da sunanta na birnin masoya, kuma babu shugaban da zai so a nuna shi a talabijin ɗin duniya yana yanke alkawuran mutane da almakashin ƙarfe. Don haka aka fara da lallashi, inda a watan Agustan shekarar hukumar birnin ta roƙi masoya su riƙa ɗaukar hoton kansu da waya su sa a intanet maimakon datse kwaɗo. Roƙon bai yi tasiri ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da masu datse kwaɗon dama suna ɗaukar hoton. Abin da suke so shi ne su bar wani abu mai nauyi da za a iya taɓawa a wurin da suka tsaya.

Ranar 1 ga Yunin 2015 aka rufe gadar, ma'aikata suka zo da injin ɗaga kaya da na yankan ƙarfe, suka riƙa cire ragar sukutum da kwaɗunanta suna lodawa a manyan motoci, ƙarƙashin kulawar mataimakin magajiyar gari Bruno Julliard. Nauyin abin da aka cire ya kai kimanin tan 45, wato daidai da buhun siminti 900, lodin tirela ɗaya da rabi, kuma an ƙiyasta yawan kwaɗunan da ɗaruruwan dubbai, wasu ma suka ce sun kusa miliyan. An toshe gurbin na wucin gadi da allunan da masu zanen bango huɗu suka ƙawata, cikinsu har da eL Seed, Bafaranshe ɗan asalin Tunisiya wanda ya yi nasa da rubutun Larabci, daga bisani kuma aka sa gilashi mai kauri wanda ba shi da inda kwaɗo zai kama. Haka aka yi wa gadar Pont de l'Archevêché da ke bayan cocin Notre-Dame. A watan Mayun 2017 aka yi gwanjon wani kaso na kwaɗunan, aka sami kimanin Yuro 250,000 da aka bai wa ƙungiyoyin da ke taimakon 'yan gudun hijira, kuma wannan shi ne mataki mafi kyau da hukumar ta ɗauka a duk lamarin, domin ya nuna ta gane cewa abin da ta kwashe ba shara ba ce a wurin masu shi. Gadar ta koma yadda masu ginin ta suka nufa, ana ganin ruwa ta gefenta, kuma a kanta ne mawaƙiya Aya Nakamura, haifaffiyar Bamako, ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ranar 26 ga Yulin 2024. Sai dai kwaɗunan ba su bar Paris ba. Sun ƙaura ne zuwa shingayen da ke kusa da Pont Neuf, da na tudun Montmartre, da duk wani turken fitila ko zoben ƙarfe da hannu zai iya kaiwa. Gilashi ya ceci gada ɗaya, bai taɓa dalilin da ke sa mutane zuwa da kwaɗo a aljihu ba.

Ma'anar da ke cikin ƙarfen

Mai karatu Bahaushe zai iya jin wani ɗar a ransa tun daga farkon wannan bayani, domin a ƙasar Hausa kwaɗon da aka rubuta wa sunan mutum aka datse, aka kuma jefa a rijiya ko kogi, ba alamar alheri ba ce. Abin da ke zuwa zuciya shi ne aikin boka, da asirin mallaka, da ɗaure mutum ba da saninsa ba. Bambancin yana da girma, tun da kwaɗon gada mutum biyu ne suke datse shi tare, da rana tsaka, a gaban jama'a, kuma mafi yawansu ba su yarda ƙarfen yana da wani ikon hana rabuwa ba. Alama ce kawai suke nufi da shi. Duk da haka ɗar ɗin ba na Hausawa kaɗai ba ne. A watan Satumban 2013 wasu matasa a birnin Aljiyas na ƙasar Aljeriya sun datse kwaɗuna a gadar unguwar Télemly, wadda ta yi ƙaurin suna saboda masu faɗowa daga kanta don kashe kansu, da niyyar sauya mata suna zuwa gadar soyayya, amma ba a ɗauki lokaci ba wasu suka zo suka cire su, suna masu cewa baƙuwar al'ada ce da ta saɓa wa addini. Wannan ya nuna cewa alamar da ake cewa kowa ya fahimce ta, kowace al'umma da idon da take karanta ta.

Masaniyar al'adu Ceri Houlbrook ta Jami'ar Hertfordshire a Ingila, wadda ta wallafa littafi sukutum a kan wannan al'ada a 2021, ta shafe shekaru tana bibiyar kwaɗunan wata gada a birnin Manchester, tana rubuta abin da ke jikinsu da yadda suke ƙaruwa. Irin wannan bincike ya fito da wani abu da masu sukar al'adar sukan tsallake, wato ba duk kwaɗunan ne na saurayi da budurwa ba. Akwai na iyaye da 'ya'yansu, akwai na abokai, akwai na tsofaffin ma'aurata masu bikin cikar shekaru, akwai kuma da yawa da aka datse don tunawa da wanda ya rasu. Ƙarancin shekarun al'ada ba ya rage gaskiyar abin da mai yin ta yake ji, domin kowace al'ada da ake girmamawa a yau ta taɓa zama sabuwa, kuma matar da ta rubuta sunan ɗanta da ya mutu a jikin kwaɗo ba ta damu da ko Moccia ne ya fara ko 'yan matan Sabiya ba. Wanda ya kira wannan shirme bai yi mata adalci ba.

Amma adalci yana da fuska ta biyu, kuma a nan ne masu kare al'adar suke da rauni. Alkawarin na mutum biyu ne, gadar kuwa ta gari ce, kuma waɗanda suka datse kwaɗon sukan hau jirgi washegari su bar wa mazauna garin tsatsa da kuɗin gyara da haɗarin abin da zai faɗo. Babu ko ɗaya cikin ɗaruruwan dubban da suka tsaya a Pont des Arts da ya yi niyyar karya shinge, kowa ɗan ƙaramin abu ya ƙara, yau da gobe kuma ta tara tan 45. Mabuɗan da ake jefarwa ma ba ɓacewa suke yi ba, suna nan kwance a ƙasan kogi, inda kuma babu kogi sukan faɗa inda dabbobi ke kiwo. A 2023 hukumar gandun Grand Canyon a Amurka ta gargaɗi baƙi cewa wani nau'in babbar ungulu da ke gab da ƙarewa a duniya yana haɗiye abubuwa masu ƙyalli irin su mabuɗai da tsabar kuɗi, har sai an yi wa tsuntsun aiki kafin a ceto shi. Akwai kuma asarar da ba a aunawa da sikeli, wato gadoji masu kamanni daban-daban, kowace da aikin maƙeranta da tarihinta, duk sun koma kama ɗaya a ƙarƙashin tarin ƙarfen da aka ƙera a masana'anta.

Birane sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu sun zaɓi yankewa da tara: an cire kwaɗuna daga gadar Ha'penny ta Dublin, wadda aka gina a 1816, an cire kimanin 20,000 daga gadar ƙafa ta Southgate a Melbourne a 2015, birnin New York kuma ya sa tarar Dala 100 a 2016 ga duk wanda aka kama yana datsewa a gadar Brooklyn. A Kolon ta Jamus abin ya bi ta wata hanya, domin da kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn ya yi barazanar cire na gadar Hohenzollern, jama'a sun yi caa har ya janye, kuma hujjar barin su tana da ƙarfi, tun da gadar an gina ta ne don jiragen ƙasa sama da dubu da ke bi ta kanta kullum, nauyin kwaɗuna bai isa ya dame ta ba. Wannan ya tabbatar da cewa hukuncin ba ɗaya ba ne a ko'ina, ya danganta da irin gadar da abin da za ta iya ɗauka.

Hanyar da ta fi nuna hikima ita ce ta Mosko, inda tun 2007 aka fara kafa itatuwan ƙarfe a kan gadar ƙafa ta Luzhkov domin angwaye da amare su rataya kwaɗunansu a rassansu, idan itace ya cika kuma a ɗauke shi a dasa a gaɓar ruwan da ke kusa, a kawo sabo. Da wannan shingen gadar ya huta, babu kuma wanda aka yanke wa alkawari. A hasumiyar Namsan ta birnin Seoul an ware wa kwaɗunan wuri, an kuma tanadi akwatin zuba mabuɗai don kada a riƙa jifa da su daga tudu. Wani misali kuma shi ne na ƙaramin garin Bakewell a Ingila, inda gadar ƙafa ta Weir da ke kan kogin Wye ta cika da dubban kwaɗuna, hukumar yankin Derbyshire kuma ta yanke shawarar cire su a 2024 don ta gyara gadar. Da mutanen da ke da kwaɗunan tunawa da mamatansu suka koka, sai masu wani tsohon gida mai lambu da ke kusa, Thornbridge Hall, suka karɓe su suka yi musu wurin da za a rataye su, ta yadda mai son ganin nasa zai je ya same shi. Gadar ta sami gyaranta, masu makoki kuma ba a zubar musu da abin da suka ajiye ba.

Idan aka auna waɗannan hanyoyi, kuskuren Paris shi ne jinkiri, domin ta bar abin ya yi shekara bakwai yana girma tana amfana da hotunansa, sannan ta kwashe shi ba tare da ta tanadi wani wuri a madadinsa ba, shi ya sa har yau ma'aikatanta suke bin shingaye da almakashi. Hukumar da ta ga kwaɗon farko a gadarta ya kamata ta kira injiniya ya faɗa mata abin da shingen zai iya ɗauka, ta kafa wani ƙarfe na musamman kusa da wurin tun kwaɗunan ba su kai ɗari ba, ta kuma rubuta a fili abin da za a yi da su ranar da za a cire. Shi kuma matafiyin da hanya ta kai shi ɗaya daga cikin waɗannan gadoji, ya karanta allon da ke bakinta kafin ya sayi kwaɗo a hannun mai talla, idan an hana ya haƙura, idan an ware wuri ya tsaya a nan, kada kuma ya jefa mabuɗin cikin ruwa.